Tambaya Mabuɗin Ilimi: Duwatsun Tunawa da Sojojin Ruwan Birtaniya

Tambaya: Na ga hoton wata doguwar hasumiya a bakin teku a garin Portsmouth na Ingila, jikinta cike da dubban sunaye. Duk mutanen nan a ƙarƙashinta aka binne su? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: A'a, Malam, babu gawa ko ɗaya a ƙarƙashinta. An gina ta ne domin waɗanda teku ya ci, ba a ga gawarsu ba balle a yi musu kabari. Ka duba jirgin yaƙi mai suna Hood, wanda Jamusawa suka nutsar ranar 24 ga Mayu, 1941: mutum 1,415 suka tafi da shi, uku kacal suka tsira. Iyalan waɗannan ba su da wurin da za su je su tsaya sai gaban wannan hasumiya.

Iri-irinta uku ne, a Chatham da Plymouth da Portsmouth, domin daga waɗannan tashoshi uku ake ɗebo wa jiragen yaƙi ma'aikata, kuma kowane soja yana da tashar da aka rubuta shi. Robert Lorimer ne ya zana su, duka fasali ɗaya, aka buɗe su a 1924, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da gangan aka yi su dogaye, da ƙwallon jan ƙarfe a ƙololuwa, don matuƙin jirgin da ke shigowa ya hango su daga nesa ya daidaita hanya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka faɗaɗa harabarsu aka ƙara allunan tagulla. Ta Portsmouth ita kaɗai tana ɗauke da sunaye sama da 24,000, an jera su bisa shekarar mutuwa, sannan bisa muƙami.

Tun kafin nan ma, wanda ya mutu a tsakiyar teku ba a kai shi tudu. Ana naɗe shi a cikin tamfol ɗin da yake ratayewa ya kwana, a ɗinke, a sa ƙwallayen igwa wajen ƙafafunsa don ya nutse, a yi masa addu'a a zura shi cikin ruwa. Babban hafsa irin Nelson ne aka yi wa gata: da aka kashe shi a yaƙin Trafalgar ranar 21 ga Oktoba, 1805, an saka gawarsa cikin gangar barasa don kada ta ruɓe, aka kai shi Landan, aka binne shi a majami'ar St Paul a Janairun 1806.

Tambaya: Mun ji dattawa suna zancen wani Bature da ya mutu a nan zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wai sojan ruwa ne. Me ya kawo sojan ruwa Sakkwato, kuma gwamnatinsu tana kula da irin waɗannan kaburbura? Daga wani malamin makaranta a Sakkwato.

Amsa: Dattawa sun yi gaskiya, Malam. Hugh Clapperton ne, hafsan sojan ruwa ɗan Sikotilan, wanda a tafiyarsa ake kiransa Abdullahi. Neman inda kogin Kwara ya dosa ne ya kawo shi, kuma a wancan zamani sojojin ruwa ake yawan turawa irin wannan aiki saboda sun iya auna taurari su zana taswira. Ya zo Kano da Sakkwato a 1824, ya sake dawowa, ciwo ya kwantar da shi ya rasu ranar 13 ga Afrilu, 1827. Baransa Richard Lander ya ɗora gawar a kan raƙumi, ya lulluɓe ta da tutar Birtaniya, ya kai ta wani ƙauye kusa da birni inda Sarki ya ba da izini, ya karanta addu'ar binnewa shi kaɗai, sannan ya biya mutanen ƙauyen su gina ɗan ɗaki a kan wurin.

Akwai wasu biyu da tarihinsu ya taɓa ƙasar nan. William Baikie, likitan sojan ruwa da ya zauna a Lakwaja kuma ya kai har Kano a 1862, ya mutu a Saliyo a 1864, amma abin tunawa da shi yana cikin majami'ar St Magnus a Kirkwall, garinsu a Sikotilan. Wato dutsen yana can, gawar tana Afirka. John Glover kuwa, wanda jirginsu ya fashe a Jabba a 1857 kuma daga baya ya kafa rundunar Hausawa a Legas, zauren taro aka gina a Legas da sunansa bayan mutuwarsa a 1885.

Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel, wadda aka kafa a 1917, aikinta yana da iyaka: waɗanda suka mutu daga 4 ga Agusta, 1914 zuwa 31 ga Agusta, 1921, da kuma daga 3 ga Satumba, 1939 zuwa 31 ga Disamba, 1947, wato lokutan yaƙoƙin duniya biyu. Kabarin da ya girmi haka, irin na Clapperton, ba ya cikin hurumin hukumar. Ya rage ga iyali, ko majami'a, ko hukumar adana kayan tarihi ta ƙasar da yake.

Tambaya: Ina rubuta kundin kammala karatu a kan Yaƙin Duniya. Yaya zan karanta haruffan da ke kan waɗannan duwatsu, kuma akwai Musulmi ko 'yan Afirka a ciki? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malama, fara da girman dutsen. Na hukumar duk ɗaya ne, babba da ƙaramin soja: tsayi santimita 76, faɗi 38, kauri kusan 8. A sama za ki ga tambari, na sojan ruwa anga ce, wato ƙugiyar ƙarfen tsayar da jirgi, da igiya ta nannaɗe. Sai suna, muƙami, lamba, sunan jirgi da ranar mutuwa. RN na nufin cikakken sojan ruwa, RNR da RNVR dakarun ko-ta-kwana ne. HMS a gaban sunan jirgi na nuna na yaƙi ne, SS kuwa na fatauci. Lambar ma tana magana: a zamanin yaƙi na biyu, P ko C ko D a farkonta na nuna tashar da aka rubuta shi, Portsmouth, Chatham ko Devonport da ke Plymouth. J na ma'aikacin saman jirgi ne, K na mai aikin wuta a ɗakin inji. Can ƙasa akwai 'yan kalmomin da iyali suka zaɓa, waɗanda aka ƙayyade kada su wuce haruffa 66.

Dutsen Musulmi ba a sa masa kuros. Galibi rubutun Larabci za ki gani, "Huwal Gafur" a sama da "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un" a ƙasa. Ma'aikatan jiragen fatauci kuma abin tunawa da su yana Tower Hill a Landan, sunaye wajen 36,000 na yaƙoƙin biyu, an jera su ƙarƙashin sunan jirgi, kyaftin a farko. Idan mutanen Afirka ta Yamma kike nema, bi jiragen kamfanin Elder Dempster da suke zirga-zirga a lokacin tsakanin Liverpool da Legas, kamar Abosso da aka nutsar a Oktoban 1942.

Amma kada ki ɗauka duk wanda ya mutu an rubuta shi. A 2021 hukumar da kanta ta fitar da rahoto ta amince cewa aƙalla mutum 116,000 na yaƙin farko, yawancinsu 'yan Afirka da Misirawa, ba a rubuta sunayensu ba. Wannan babban zalunci ne, kuma ya kamata ya shiga kundinki.

Tambaya: A wata tsohuwar maƙabartar Turawa kusa da mu rubutun duwatsu ya goge. Me ke cinye shi, kuma za mu iya wankewa? Daga wani mai karatu a Lakwaja.

Amsa: Ya danganta da irin dutsen, Malam. Farin dutsen Portland da na mabul ruwan sama mai ɗan tsami yana lasarsu a hankali, har harafi ya daidaita da fuskar dutsen. A bakin teku gishiri ne abokin gaba: yana shiga ƙananan ramukan dutse da danshi, idan ya bushe ya kumbura ya ɓarke fuskar. Tsofaffin gine-ginen kabari da ƙusoshin baƙin ƙarfe aka haɗa su, ƙarfen ya yi tsatsa ya ƙara kauri ya tsaga dutsen daga ciki, shi ya sa za ka ga jan layi yana gangarowa daga tsagar. Inda aka cusa darma cikin haruffa, idan dutsen ya zaizaye sai darmar ta zube ta bar 'yan ramuka a jere, kuma da waɗannan ramuka ana iya gane harafin da ya ɓata.

Kafin ka taɓa komai, nemi izinin masu wurin, ka ɗauki hoto. Sannan ƙwanƙwasa dutsen da yatsa a hankali: idan ya yi ƙara kamar fanko, ko yana zubar da gari, bar shi haka nan. Idan lafiyayye ne, jiƙa shi sharaf da ruwa mai tsabta, ka goge da buroshi mai laushi daga ƙasa zuwa sama don kada dattin ruwa ya bar zane, kana ɗaurayewa akai-akai. Gansakuka kuwa a kankare ta da tsinken itace bayan ta jiƙu. Ban da buroshin waya, ban da bilic, ban da asid, ban da injin fesa ruwa mai ƙarfi. Bilic yana barin gishiri a cikin dutse, asid kuma narkar da shi yake yi. Kada a liƙe tsaga da siminti, domin ya fi dutsen tauri, yana tsare danshi, dutsen ne zai ci gaba da fashewa a gefensa. Kwaɓin farar ƙasa masu gyara suke amfani da shi.

Karanta rubutun da ya goge ba ya bukatar alli ko gari. Je da sassafe ko da la'asar lokacin da rana ta karkata, ko ka riƙe madubi ka jefa haske daga gefe, ko tocila bayan magariba. Inuwa za ta cika ramin kowane harafi, sai ka ɗauki hoto daga kusurwa uku ko huɗu ka gwama su.