Ƙanƙara a fata, kwalba a aljihu

Jiya bayan mun gama ɗinke yatsan telan nan na cikin Birni, ka ce, "Malam, na ga ka ɗora masa ƙanƙara kafin allurar kashe zafi, amma kwalbar lidoken tana aljihunka. In sanyi ne ke rage zafi, ba gara a sa maganin ma a firji ba?" Layi ya yi tsawo lokacin, shi ya sa na yi shiru. To, zauna ka ji.

Zafin allurar nan iri biyu ne, ɗana. Akwai na sukar tsini a fata, akwai kuma raɗaɗin da ke biyowa idan ruwan magani ya fara shiga nama. Ƙanƙara na farkon kaɗai take yi wa aiki. Jijiya in ta ji sanyi sai ta rage saurin kai saƙo, kuma jin sanyin kansa yakan danne jin sukar. Ai ka san asubar hunturu a Zariya, yadda ɗan acaɓa zai taso daga Samaru ya iso Tudun Wada bai san yatsunsa na jikinsa ba. Kaɗan daga wannan muke aro. Amma sanyin bai wuce fata ba, kuma da ka ɗauke, nan da nan yake gudu.

Na biyun kuwa, sanyin magani ƙara shi yake yi. Lidoken yana da ɗan tsami, shi ne yajin da mutum ke ji, kuma mai sanyi ya fi mai ɗumi ciwo. Shi ya sa nake barin kwalbar ta ɗauki ɗumin jikina. Inda ake da bikabonet, akan zuba mililita 1 cikin mililita 10 na lidoken don karya tsamin. In babu, ka nemi siririn tsini, lamba 25 ko 27, ka tura a hankali kamar mai rowa. Yawancin ihun da kake ji a ɗakin nan gaggawar babban yatsan mai allura ce ta jawo shi.

Kafin ƙanƙara, a cire zobe. Sannan ka taɓa kan yatsan ta gefe da gefe, ka tambaye shi ko yana ji, ka danna farce ka ga jini ya dawo. Ina sabon hannu na taɓa tsallake wannan a kan wani mahauci. Na sanyaya, na yi allura, sai daga baya tunani ya zo mini ko wuƙar ta taɓa jijiya, ga shi ba sauran hanyar ganewa sai magani ya sake shi. Maigidana na lokacin kallo ɗaya ya yi mini, har yau ina jinsa.

Ledar fiya wata mai ƙanƙara ta wadatar. Naɗe ta a safar hannu ko ƙyalle mai tsabta, kada ta zauna tsirara a fata. Ni kamar minti 2 nake bari a gindin yatsa ta baya, inda zan soka, don fatar nan ba ta kai ta tafi jin ciwo ba. Sirinji ya zama a shirye tun kafin ka ɗora. Ƙanƙara ba ta kashe ƙwayar cuta, saboda haka bayan ka ɗauke ne za ka goge da sifirit, ka soka. Jijiyoyi huɗu ke kai saƙon zafi daga kowane yatsa, biyu ta baya, biyu ta tafi. Mililita 1 zuwa 2 na lidoken a kowane gefe ya isa, ka ja baya ka ga ba jini kafin ka tura. Kada ka cika gindin yatsa ya yi tam, jini zai rasa hanya. Sai ka jira minti 5 zuwa 10, ko da masu layi na harararka.

Akwai waɗanda ba na kai musu ƙanƙara ko kusa. Na farko mai sikila, don sanyi na iya tayar masa da ciwo, kuma ba kaɗan muke ganinsu ba a nan. Ka riƙa tambaya, musamman in yaro ne aka kawo. Haka tsoho mai ciwon suga da hannunsa ke sanyi dama, da yatsan da injin markaɗe ya murƙushe har ya yi fari ko ya fara baƙi. Wannan ma ba namu ba ne, takarda za ka rubuta a wuce asibitin koyarwa na Shika.

Mai ɗan karkaren nan da muka ce ya dawo gobe, kai za ka yi masa ina tsaye. Yanzu tashi ka jefa leda biyu a firiza tun da sauran wuta.