Amsa ga mai tambayar harajin rabon riba a Ingila

Ɗan'uwa, kan tambayarka ko ka biya kanka albashi ne ko ka ɗebi rabon riba daga kamfaninka tunda kwantiragi kake yi a Manchester, yawancin mutane haɗa biyun suke yi. Albashi kaɗan, wajen fam 12,570 da ba a cire masa harajin kuɗin shiga, sauran kuma rabon riba, don shi ba a biyan inshorar ƙasa (National Insurance, kuɗin da ake cira daga albashi) a kansa.

Amma fa kar ka manta sai kamfani ya fara biyan nasa harajin, kashi 19 in ribar ba ta wuce fam 50,000 ba, sannan abin da ya rage ne za ka raba, kuma kai ma HMRC, hukumar harajin Birtaniya, na jiranka. A 2024/25 fam 500 kacal na rabon riba aka yafe wa haraji, alhali a 2016 fam 5,000 ne, wallahi sun matse abin sosai. Bayan nan, a 2024/25 ɗin, harajin kashi 8.75 ne, in jimillar kuɗin shigarka ta haura fam 50,270 ya koma 33.75.

Duba maganar IR35, dokar da ke ɗaukar ɗan kwantiragi kamar ma'aikaci wajen haraji, kafin komai, in kwantiragin ya faɗa ciki kusan duk wannan dabarar ta tashi. Kuma ka riƙa ware kuɗin harajin gefe, 31 ga Janairu, ranar ƙarshe ta biyan harajin, ba ta jiran kowa.