Idan Banki Ya Toshe Hanyar Biyan Kuɗi Zuwa Ƙasashen Waje

Tambaya: Ina da ƙaramin kamfani da ke shigo da kaya daga waje, kuma da katin banki nake biyan kuɗin hayar shafinmu na intanet. Idan tattalin arziki ya durƙushe har gwamnati ta hana fitar da kuɗi, yaya ƙananan 'yan kasuwa irina suke yi? Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, abin da kake fargaba ya faru a Girka a ƙarshen watan Yunin 2015, lokacin da aka rufe bankuna na makonni uku, aka kuma ƙayyade Yuro 60 a rana ga mai cire kuɗi daga na'ura. Mai son tura kuɗi waje sai ya gabatar da takardunsa ga wani kwamitin gwamnati, wanda ya fifita magunguna da sauran kayan masarufi. Katunan bankunan ƙasar suka daina aiki a shafukan waje, har mai kuɗi jibge a asusunsa ya kasa biyan hayar shafi ta 'yan Yuro kaɗan. Ba a janye takunkumin gaba ɗaya ba sai 1 ga Satumba, 2019, yayin da irinsa da aka sanya a ƙasar Aisland ya ɗauki tun daga 2008 har 2017, don haka kada ka ɗauka lamari ne na 'yan kwanaki.

A ganina, babban jarinka a irin wannan hali shi ne amanar da ke tsakaninka da dilan da ke ba ka kaya. Ka rubuta masa tun kafin wa'adin biya ya cika, ka haɗa da sanarwar babban banki ta hana fitar da kuɗi da shaidar cewa kuɗin suna nan, sannan ka nemi ƙarin lokaci ko biya kashi-kashi. Dila yakan yi haƙuri da wanda ya fito fili, amma shiru ne ke sa ya yanke hulɗa.

Wasu 'yan kasuwar Girka sun buɗe asusu a Bulgeriya, suna karɓar kuɗin abokan cinikinsu na waje a can, suna biyan dilolinsu daga ciki. Wannan na buƙatar shawarar lauya, domin dokar kowace ƙasa daban ce. 'Yan bayan fage masu alkawarin fitar maka da kuɗi kuwa, ka guje su, saboda idan kuɗin suka salwanta ba ka da kotun da za ka kai ƙara.

Hayar shafi da rajistar sunansa, ka biya na shekara guda ko biyu tun yanzu da katinka ke aiki.