Mai digiri biyu da ake ƙi ɗauka a ƙaramin aiki

'Yar'uwa, kin ce kina da digiri na biyu, kin sauko kina neman aikin karɓar baƙi ko na shigar da bayanai a kwamfuta, amma ko kira babu. Ga girkin da kika koma yi da kanki don rage kashe kuɗi shi ma ya ƙi, kullum shinkafa a caɓe.

Maganar aiki tukuna. Mai ɗaukar ma'aikata ba ya shakkar iyawarki. Tsoronsa shi ne ya ɓata wata biyu yana koya miki aiki, babban gurbi ya fito, ki yi gaba. Wani kuma yana ganin albashin zai yi miki kaɗan, ko ki raina shugaban da kika fi takardu. Ba zai faɗa miki ba, gefe kawai zai tura takardarki.

Saboda haka kada ki riƙa aika CV (takardar tarihin karatu da aiki) guda ko'ina. Ki yi wani daban mai shafi 1. A sama ki jera abin da tallar aikin ta nema, da kalmominta, domin wurare da yawa manhaja ce ke fara tacewa kafin idon mutum ya gani. Karatu ya koma ƙasa, layi ɗaya ya isa. Taken bincikenki da tarukan da kika halarta duk ki cire. Rage bayani ba ƙarya ba ce, amma in fom ya ce a lissafa dukkan shaidar karatu, ki rubuta gaskiya, don in ta fito daga baya tana iya jawo kora.

A wasiƙar neman aikin, ki riga su yin tambayar. Layi 3 ko 4: me ya sa wannan aikin, kin ga albashin kin amince, kuma tsawon wane lokaci za ki zauna. Ki faɗi wa'adin da za ki iya cikawa. Ranar intabiyu kuwa, don Allah kada "ko wane aiki ne zan yi" ta fito daga bakinki. Su abin da suke ji shi ne matsi ya kawo ki, ranar da ya saki kin tafi.

Shinkafa kuma, ruwa ne ya yi yawa, sai yawan juyawa. Ki wanke ta sau 3 har ruwan ya washe, sitacin da ke sa danƙo ya fita. Kofi 1 na doguwar farar shinkafa, ruwa kofi ɗaya da rabi. Da ta tafasa ki mayar da wuta can ƙasa, ki rufe ruf, minti 15 zuwa 18, ba buɗewa ba cokali, don juyawa ke farfasa ƙwayar. Ki sauke, ki bar ta a rufe minti 10 tururi ya ƙarasa. In ƙasa na kamawa alhali sama da sauran tauri, gindin tukunyar ne siriri ko wutar ta yi ƙarfi.