Tambaya da Amsa: Kafin ka ɗora wa a-kori-kura ɗaki, duba lambar da ke jikin ƙofa

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan makon, biyu daga ƙetare, ɗaya daga gida. Masu su ba su san juna ba, amma abu ɗaya ke damunsu: kayan da suke son ɗora wa a-kori-kura, da ko za ta iya ɗauka.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Denver ta jihar Kolorado a Amurka, ni da mai ɗakina da yara uku. Ina da Ford F-150 mai ƙofa huɗu, ƙirar 2019. Na ga irin ɗakin nan na tafi-da-gidanka da ake zurawa a bodin a-kori-kura, mai gado da kicin da ɗan makewayi, ina so in saya mu kai yara gandun Yellowstone idan an yi dogon hutu. Dila ya ce nauyin ɗakin laba 1,650 ne, F-150 kuwa tana ɗaukar sama da laba 3,000, don haka babu damuwa. In biya? Daga Baban Amira.

Amsa: Wa alaikumus salam, Baban Amira. Don Allah riƙe kuɗinka tukuna. Fita wajen motar, ka buɗe ƙofar direba, ka sunkuya ka dubi ginshiƙin da ƙofar take rufuwa a jikinsa. Za ka ga takardu biyu a manne. Ɗaya mai ruwan ɗorawa da fari ce, wadda ke nuna yawan iskar taya. A samanta akwai layi guda da ke cewa nauyin mutane da kaya gaba ɗaya kada ya wuce kaza, an rubuta da kilo, an rubuta da laba. Wannan lambar ita ce ta motarka, yadda ta fito daga masana'anta da duk abin da aka ƙawata ta da shi. Laba 3,000 da dila ya kira maka akwai ta, amma ta wata F-150 ce daban, wadda aka yi odarta musamman da sifirin da tayoyin ɗaukar kaya, ba ado a cikinta. Mai ƙofa huɗu irin taka yawanci tana tsakanin laba 1,500 da 2,000 ne.

Mu ƙaddara taka ta ce laba 1,720, wato kilo 780. Zan yi lissafin da kilo don masu karatu na gida su bi mu.

Mutane za mu fara cirewa, domin a cikin lambar suke. Kai da Maman Amira da yara uku, a ce kilo 245. Saura 535. Ɗakin da dila ya ce laba 1,650 kusan kilo 750 ke nan, ka ga tun ba a sa cokali a ciki ba an wuce iyaka. Kuma wannan nauyin busasshen ɗaki ne, babu ruwa, babu gas, sau da yawa ma babu batir, babu na'urar sanyaya ɗaki, babu rumfar gefe. Tankin ruwa mai galan 30, wato kimanin lita 113, idan ya cika kilo 113 ne, tunda kowace lita kilo ɗaya ce. Tukunyar gas biyu cikakku kimanin kilo 34. Batir biyu irin na dalma sun haura kilo 50. Sa kilo 70 na ƙarin kayan da aka maƙala wa ɗakin, da 25 na ƙarafan da ke ɗaure shi da shasi. Sannan shinkafa da tukwane da barguna da kekunan yara da kujerun zama waje, waɗanda ban taɓa ganin iyali mai mutum biyar sun tsaya ƙasa da kilo 150 ba. Ɗakin ya doshi kilo 1,200. Haɗa da mutane, kun wuce 1,400 a motar da aka ce kada ta wuce 780.

Motar za ta tashi, kada ka yi shakka. Injinta yana da ƙarfin ja, abin da ke ruɗar mutane ke nan. Matsalar tana wajen tsayawa da juyawa. Kai mazaunin Denver ne, ka san gangarar da ake yi bayan an fito daga ramin Eisenhower da aka huda cikin dutse a babbar hanya ta 70 zuwa Silverthorne, ka ga tudun tsakuwar da aka tanada a gefen titi don manyan motocin da birkinsu ya ƙone. Birkin da aka auna wa wani nauyi, idan aka ƙara masa fiye da rabin tan a irin wannan gangara, zafi yake yi har ya daina kamawa. Hanyarku ta Yellowstone kuma ta Wayomin za ta bi, inda iska ke kifar da tireloli a hanya ta 80, har akan rufe ta ga motoci masu tsayi marasa nauyi. Ɗakin nan bango ne tsaye a bayanka, nauyinsa a sama yake, iska na bugunsa daga gefe. Yara uku suna kujerar baya.

Buɗe akwatin gaban fasinja ma ka duba. Dokar Amurka ta wajabta wa masu ƙera a-kori-kura su ba da bayani kan ɗora irin wannan ɗaki: nauyin da motar za ta ɗauka bayan an ware laba 150 ga kowace kujera, da zanen inda ya kamata tsakiyar nauyin ɗakin ta faɗo a cikin bodi. A wasu motocin takardar cewa take yi kai tsaye ba a yarda a ɗora musu ɗaki ba.

Shawarata, idan ba ka son rabuwa da F-150, nemi ƙaramar tirelar kwana da ake ja a baya. Ita nauyinta a kan tayoyinta yake, abin da ke danne motarka kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ne kawai na nauyinta, shi ma ka cire shi daga waccan lamba ta jikin ƙofa. Ga mutum biyar ma ta fi sarari nesa ba kusa ba. Akwai ɗakuna marasa nauyi masu rufin da ake ɗagawa, irin na kamfanin Four Wheel Campers, amma da iyalinka a ciki ko su da ƙyar lissafin zai fita. Idan kuwa ranka na kan wannan ɗaki mai bango, to mota za ka sauya, ka koma ajin F-350 ko Ram 3500 ko Silverado 3500. Ɗaki ake fara zaɓa, a lissafa nauyinsa da ruwa da kaya da mutane, sannan a je neman motar da lambar ƙofarta ta fi haka.

Tambaya: Malam, ni na riga na saya. Ram 2500 mai dizal gare ni a Kalgari ta Kanada. Tun da na ɗora ɗakin bayan motar ya zauna, da daddare masu zuwa ta gabana suna ta kunna mini fitila wai na dallare su. An ce in sa jakunkunan iska a sifirin baya, komai zai daidaita. Gaskiya ne? Daga Abu Sadik.

Amsa: Rabin gaskiya ne, Abu Sadik. Jakar iska za ta ɗaga bayan motar, fitilunka su koma kallon titi. Amma ba za ta ƙara ko kilo ɗaya a kan abin da aka yarje wa motar ba, domin aksul ɗin na da ne, birkin na da ne, tayoyin da rim ɗin na da ne. Abin da nake tsoro shi ne ta ɓoye maka alamar da motar ke ba ka. Kuma ka sani injin dizal ya fi na fetur nauyi da ɗaruruwan laba, daga cikin rabon kayanka ake cire su, shi ya sa 2500 mai dizal takan ba masu ita mamaki idan suka karanta jikin ƙofa.

Gani ya kori ji. Cika tankin mai, cika na ruwa, loda kayan tafiya kamar yau za ku tashi, kowa ya shiga, ka nufi tashar manyan motoci mai sikelin CAT. Kuɗin awo bai taka kara ya karya ba. Ka tsaya tayoyin gaba a faranti na farko, na baya a na biyu, za a ba ka takarda mai nauyin kowane aksul daban. Sai ka dawo ga takarda ta biyu ta jikin ƙofa. Inda aka rubuta GVWR, iyakar nauyin motar ke nan da duk abin da ke kanta. Inda aka rubuta GAWR sau biyu, iyakar aksul na gaba da na baya ke nan. Na bayan za ka fi zuba wa ido, don kusan duk nauyin ɗakin a kansa yake sauka.

Idan awo ya nuna kana cikin iyaka, sa jakar iskarka, ka ƙara da shokozoba masu kyau da sandar hana tangaɗi, za ka ji daɗin tuƙi. Idan ka ɗan haura, rage kaya: tafi da tankin ruwa kusan fanko ka cika idan kun isa, sauya batir na dalma da na litiyam wanda bai kai rabin nauyinsa ba, kaya masu nauyi kuma su zauna ƙasa, can gaba kusa da kan mota. Idan ka haura da ɗaruruwan kilo, babu abin da za a ɗaura wa motar ya gyara, ɗayansu za ka sayar. Ka tuna kuma a Birtish Kolambiya, maƙwabtanku da kuke shiga yawon duwatsu, wuce lambar GVWR laifi ne a doka.

Abu ɗaya da zaman bayan motarka ya sa nake zargi: duba gefen ɗakin, masu ƙerawa kan sa alama a daidai tsakiyar nauyinsa. Alamar nan ta kasance a gaban tsakiyar tayar baya, ko a kanta daidai. Idan ta faɗa bayanta, ɗakin ya zama kamar mutum ya zauna a ƙarshen benci, yana ɗaga gaban motar, sitiyari ya yi sakayau a hannunka, birkin gaba ya rage kamu. Hakan na yawan faruwa idan aka sa ɗakin dogon bodi a gajeren bodi.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina da gonar kaji a wajen Bichi, rijiyar burtsatsena ta ƙafe. Ina so in sayi tankin roba mai lita 1,500 in riƙa ɗebo ruwa da Hilux ɗina mai ƙofa huɗu. Bakanikena ya ce zai ƙara mata ganyen sifirin biyu, shi ke nan. Me ka gani? Daga Alhaji, Bichi.

Amsa: Barka kadai, Alhaji, Allah ya kawo ruwa mai albarka. Lita 1,500 tan ɗaya da rabi ke nan, ban da tankin kansa, ban da direba da yaran da za su riƙe tiyo. Hilux mai ƙofa huɗu, idan ta yi ƙoƙari, tan ɗaya take ɗauka har da mutanen ciki, wasu ma ba su kai ba. Na san za ka ce kullum kana ganin ana loda mata buhun masara ashirin tana tafiya. Ana yi, ni ma ina gani. Na kuma taɓa tsayawa a wani gareji a Kano kan wata a-kori-kura mai ƙofa huɗu da aka ƙara wa sifirin aka riƙa jigilar ruwa da ita. Tsakanin kan motar da bodi ya buɗe daga sama, har na zura hannuna ya shige zuwa gwiwar hannu, daga ƙasa kuwa a matse. Shasin ne ya lanƙwashe a daidai nan. Sifirin ya yi tauri ya ƙi lotsawa, sai duk dukan ramukan hanya ya koma kan ƙarfen da ke bayansa. Mai motar yana zaune a benci ya yi tagumi, mai walda yana gaya masa ko an miƙe an yi faci ba za ta koma kamar da ba. A mai ƙofa huɗu bodin gajere ne, yawancinsa a kan tayar baya yake da bayanta, shi ya sa ta fi saurin yin haka.

Ruwa kuma yana da nasa hali da buhu ba shi da shi. Idan tanki bai cika ba, kana taka birki ruwan zai taho gaba ya tura ka, kana shan kwana ya koma gefe ɗaya. Saboda haka kada ka ce za ka sayi babban ka riƙa zuba rabi. Sayi mai lita 750 ko ƙasa, irin na kwance ya fi na tsaye, ka cika shi fal, ka manna shi da kan mota, ka ɗaure da bel mai ƙarfi ta kusurwa huɗu. Ko ka yi amfani da jarkoki masu lita 25, guda 28 sun ba ka lita 700, kuma ba sa tangaɗi. Sahu biyu zai ci maka mai, amma bai kai kuɗin shasi ba. Idan buƙatar gonar ta wuce haka kullum, aikin ya zama na Canter ko Dyna.

Kafin sahun farko, tsuguna ka karanta jikin tayoyinka. Bayan lambar girman taya akwai wata, misali 112, ma'anarta tayar na ɗaukar kilo 1,120 idan iskarta ta cika yadda aka ƙayyade. Idan mai faci ya bar ta da ƙarancin iska, ƙarfin ya ragu, ga zafin kwalta na watan Afrilu. Sannan nemi lambobi huɗu da ke ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT, su ne ke nuna lokacin da aka ƙera tayar: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Idan tayoyin 'yan Beljiyam ne da suka kwana biyu, sauya na baya kafin ka sayi tankin. In kuma akwai kamfanin da ke auna motocin hatsi ko na tsakuwa kusa da kai, roƙe su ka hau sikelinsu sau biyu, fanko da kuma cike, ka aiko mini da lambobin tare da hoton takardar jikin ƙofar, mu lissafa tare.