Fatawa: Wace ƙaramar bindiga zan saya don kare kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta malam. Ni ɗan kasuwa ne a cikin garin Sakkwato, ina cin kasuwannin Illela da Goronyo da Acida. Halin da hanyoyinmu suke ciki ba sai na faɗa ba. Na yanke shawarar mallakar fistol. Abokaina sun rabu biyu: wasu sun ce in nemi mai juyawa, wato wadda ma'ajin harsashinta ke juyawa bayan kowane harbi, don ba ta cika sarƙewa ba, wasu sun ce mai gidan harsashi don ta fi ɗaukar harsasai. Haka harsashin ma, wani ya ce wanda ke buɗewa in ya shiga jiki, wani ya ce mai ratsawa. Shin shari'a ta bar wa mutum zaɓin abin da ransa ya fi so, ko akwai wanda ya fi dacewa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya tsare ka, Alhaji, ya tsare dukiyarka da iyalinka.

Kare kai halal ne, babu saɓani a kansa. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wani mutum ya tambayi Annabi (SAW) game da wanda ya zo ƙwace masa dukiya, ya ce kada ka ba shi. Ya ce in ya yaƙe ni fa? Ya ce ka yaƙe shi. In ya kashe ni? Ya ce kai shahidi ne. In na kashe shi? Ya ce yana wuta. Nau'in makami kuwa shari'a ba ta ayyana shi ba. Sahabbai wani maharbin kibiya ne, wani gwanin takobi, wani ɗan mashi, ba a ɗora wa kowa abin da hannunsa bai saba da shi ba. Saboda haka a asali zaɓi tsakanin mai juyawa da mai gidan harsashi lamari ne na duniya, masana abin ake tambaya, ba malamin fiƙihu ba.

Sai dai son rai yana aiki ne a cikin abin da aka halatta maka riƙewa, kuma nan ne tambayarka ta tsallake mataki. Wannan muhawara da abokanka suke yi, daga bidiyoyin Amurkawa ta zo mana, su kuwa tsarin mulkinsu ne ya ba ɗan ƙasa haƙƙin riƙe makami. Mu dokar makamai ta 1959 ce ke aiki a kanmu, ta kuma kasa bindigogi gida uku. Na toka da ake ɗurawa ta baki, irin su adaka, lamarinsu yana hannun Kwamishinan 'yan sandan jiha. Bindigogin farauta, Sufeto Janar ne ke ba da lasisinsu. Fistol kuwa, ko mai juyawa ko mai gidan harsashi, an jera ta sahu ɗaya da bindigogin soja da gurneti, ba mai riƙe ta sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma hukuncin wanda aka kama da ita ba lasisi bai gaza ɗaurin shekara 10 ba. Harsashi ma ba a yarda ka ajiye shi ba sai wanda lasisinka ya ƙunsa. A Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta yi kira ga jama'a su nemi lasisin bindiga, rundunar 'yan sanda ta fito ta ce takunkumin bayar da lasisi yana nan. In kiran gwamna bai buɗe wannan ƙofa ba, kuɗin ɗan kasuwa ba zai buɗe ta ba.

Wani zai ce ai dokar turawa ce, ina ruwan shari'a da ita? Da ruwanta. Shugaba yana da ikon taƙaita abin da yake mubahi saboda maslahar jama'a, kuma bin sa a nan wajibi ne matuƙar bai yi umarni da saɓo ba, kamar yadda aya ta 59 a Suratun Nisa'i ta nuna. Hana makami yawo a hannun kowa ba saɓo ba ne, tsare jini ne. Sannan ka tambayi kanka, tunda ba ta hannun hukuma za ka same ta ba, wa zai sayar maka? Ɗan fasa-ƙwauri ne, wanda shi ne dai ke kai wa 'yan bindigar dajin Sabon Birni da Isa kaya. Kuɗin da ka ba shi jari ne na kayan da za a tare ka da su gobe, alhali Allah ya hana taimakekeniya a kan zunubi da ƙetare iyaka. Wannan dalilin ya fi mini nauyi a kan tsoron ɗauri, kodayake ɗaurin ma ba wasa ba ne. In aka tsayar da motarka a shingen bincike aka ga fistol a ƙugunka, ba wanda zai tsaya sauraron labarin fatauci. Wanda bai iya kama ɓarawo ba, ɓarawo ke kama shi.

Na san akwai masu kafa hujja da larura, kuma ban raina hujjarsu ba. Mutanen ƙauyen da aka kewaye, ba jami'in tsaro ko ɗaya, in sun tashi da abin da ke hannunsu suka kare matansu da 'ya'yansu, ba su yi laifi a wurin Allah ba. Amma larura ana auna ta da gwargwadonta, kuma kai ba halinka ke nan ba. Fistol ma ba ta kore barazanar da kake tsoro: masu tare hanya a kan babura suke zuwa da yawa, da AK-47, wanda ya zaro ƙaramar bindiga a cikin motar haya ya jawo wa sauran fasinjoji ruwan wuta ne. Mun kuma ga inda ɗaukar makami ba tsari yake kai jama'a. A Oktoban 2021 aka yi kisa a kasuwar Mamande ta Gwadabawa, wanda aka danganta da 'yan sa-kai, ba a jima ba aka afka wa kasuwar Goronyo da kake ci. Waɗanda suka mutu a wuraren biyu masu saye da sayarwa ne irinka.

Ko da makamin halal ne a hannunka, harbi yana da sharuɗɗa. Sidi Halil a Muhtasar ya ce ana tunkuɗe mai farmaki ne bayan an gargaɗe shi in mai fahimta ne, ba a nufin kashe shi sai an san ba zai tunkuɗu ba sai da hakan, kuma ba a ji masa rauni in ana iya guje masa ba tare da wahala ba. A ruwayar Nasa'i, Annabi (SAW) ya ce wa mai irin tambayarka ya fara tuna wa ɓarawon Allah, sannan ya nemi taimakon Musulmin da ke kusa, sannan hukuma, faɗa shi ne na ƙarshe. Wanda ya juya baya yana gudu ba a bin sa da harbi, nan kariya ta ƙare, ramuwa ta fara, ita kuwa aikin alƙali ce.

Batun harsashi, niyyar da ke bayan tambayar nake so ka duba. Manufa a shari'a tsayar da sharri ce, ba neman abin da ya fi yaga nama ba. Harsashi mai buɗewa a jiki tun 1899 ƙasashe suka yi yarjejeniyar barin sa a fagen yaƙi. Mai ratsawa kuma yana wuce wanda aka nufa, ya huda ƙyaure ko langa-langa ya sami na bayansa, ga gidajenmu na cikin gari a manne da juna. In ya sami yaron maƙwabci, kisan kuskure ne: diyya ta hau kan danginka, kai kuma azumin wata biyu a jere, bisa aya ta 92 a Suratun Nisa'i. Annabin da ya umarci mai wucewa da kibiyoyi a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu, ya kuma hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa, ba zai yarda da bindiga ɗure a ƙarƙashin matashi a gidan da yara suke ba.

Saboda haka bai halatta ka sayi fistol ko harsashinta ta bayan fage ba, kowace iri ce. In kana son makamin tsaron gida, je hedikwatar 'yan sanda ta jiha ka tambayi abin da doka ta yarda da shi da ko ana bayar da lasisi a yanzu. In an ba ka, zaɓi wadda hannunka ya iya, ka koyi sarrafa ta, ka kulle ta daban da harsashinta. Na hanya kuwa, ku yi tafiya cikin ayari da rana, ka rage ɗaukar tsabar kuɗi tunda ana iya turawa ta waya, ku kuma haɗa kai a ƙungiyarku ta 'yan kasuwa ku nemi rakiyar jami'an tsaro ko rundunar tsaron al'umma da gwamnatin jiha ta kafa, musamman ranakun kasuwa.

Wallahu a'alam.