Tambayi Likita: Takardar shaidar lafiya ga mai fita aikin sa-kai waje, kuma ba shi da inshora

Wasiƙun wannan makon sun fito ne daga waɗanda suka samu gurbin aikin sa-kai a ƙasashen waje, aka ce sai sun kawo shaidar likita kafin a ba su tikiti. An sakaya sunayensu kamar yadda aka saba.

Likita, ni malamin sakandare ne a Gombe. An ɗauke ni aikin koyarwa na shekara biyu a Gabashin Afirka, an turo mini fom ɗin lafiya mai shafi huɗu. Ba ni da inshora, kuɗin da wani ɗakin gwaji mai zaman kansa ya yanka mini kuma ya fi albashina. Ta ina zan fara?

Malam, rashin inshora bai cuce ka sosai a nan ba. Yawancin tsare-tsaren inshora maganin rashin lafiya suke biya, ba awon da mai lafiya ya nema don tafiya ba. Ko yau ka yi rajista da GoHealth, hukumar inshorar lafiya ta jihar Gombe, ko da takwararta NHIA ta tarayya, akwai lokacin jira kafin katin ya fara aiki. Yin rajistar na da kyau saboda iyalin da za ka bari, amma kada ka jingina wannan fom da ita.

Kuskure ne fara zuwa ɗakin gwaji. Su jerin gwaje-gwaje suke sayarwa a dunƙule, har da waɗanda ba wanda ya tambaye ka. Zauna da fom ɗin ka nemo abu uku: wane likita aka yarda ya sa hannu, waɗanne gwaje-gwaje aka ambata da suna, kuma wata nawa sakamakon yake yi kafin ya tsufa. Na farkon ya fi muhimmanci, domin wasu ƙungiyoyi da ofisoshin jakadanci suna da asibitocinsu na musamman, duk abin da ka yi a wani wuri asarar kuɗi ce. Idan fom ɗin ya ce kowane likita mai rajista, tafi sashen marasa lafiya na waje a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ko Asibitin Ƙwararru na jiha, ka yanki kati, likita ya duba ka, shi ya rubuta abin da za a auna.

Gwajin HIV da gwajin kaki na tarin fuka kyauta ne a sassan da ke kula da su a asibitocin gwamnati. Waɗanda za ka biya galibi su ne ƙidayar ƙwayoyin jini, fitsari, suga, aikin ƙoda da hanta, ciwon hanta nau'in B da C, sai hoton ƙirji. Ka je da safe ba ka ci komai ba na awa 8, ruwa kawai, don a ɗebi jinin duka a zama ɗaya. In kana da sakamakon 'yan watannin nan, tafi da shi. Rukunin jini da jinotayif kuwa ba sa canjawa, ba dalilin sake biya.

Abin da ke sa a dawo da fom yawanci ba ciwo ba ne, rubutu ne. An rubuta Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar gwaji. An kawo hoton ƙirji ba rahoton likitan hoto. Likita ya sa hannu bai rubuta lambar rajistarsa ta MDCN, hukumar rajistar likitoci ta ƙasa, ba, ko babu hatimin asibiti. An goge wani wuri da farin ruwa. Duba waɗannan kafin ka bar ofishin. Ka kuma ajiye kowane rasit, ka tambayi ƙungiyar a rubuce ko tana mayar da kuɗin awo, da kuma ranar da inshorarta za ta fara aiki a kanka. Masu sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, alal misali, ana yi musu inshora muddin suna bakin aiki.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a Azare. Gwajina na HBsAg ya nuna ina ɗauke da ciwon hanta nau'in B, alhali lafiyata ƙalau. Tafiyar ta rushe ke nan? Wata ƙawata ta ce in sha maganin gargajiya na wata ɗaya in sake gwaji.

Malama, fara da tabbatarwa. Idan da ɗan tsinken gwajin gaggawa aka yi, a maimaita a ɗakin gwaji na asibitin koyarwa. In ya sake fitowa, ana bukatar gwajin jini na ALT don ganin ko hantar tana kumburi, na HBeAg mai nuna ko ƙwayar cutar tana hayayyafa, na adadin ƙwayar cutar a jini, da hoton ciki. Na adadin ƙwayar cutar shi ne mai tsada, shi ne kuma wanda likitan ƙungiyar zai fi dubawa, don haka in kuɗi ya yi kaɗan can za ki kai shi. Idan HBsAg ya wuce wata 6 yana nan, cutar ta zama zaunanniya. Da yawa a ƙasar nan tun suna jarirai suka ɗauka, domin sai a 2004 riga-kafinta ya shiga jerin alluran yara.

Ko tafiya za ta yiwu, ya danganta da ƙasa da irin aikin. Ƙasashen Larabawa na yankin Gulf suna da tsauri, sukan hana izinin aiki a kan wannan sakamako kaɗai. Ƙungiyoyi da yawa kuwa suna karɓa idan ƙwararren likitan hanta ya rubuta cewa hantar lafiya take, sai dai a nisanta ki da tiyata da karɓar haihuwa mai ɗinki idan adadin ƙwayar ya yi yawa. Maganin Tenofovir, ƙwaya ɗaya kullum, yana sauke adadin ƙasa sosai, amma ba kasafai yake goge HBsAg ba, kuma ba a fara shi don a yi wata biyu a daina: tsayar da shi kwatsam yana iya tayar da kumburin hanta.

Jiƙe-jiƙen da ƙawarki ta ce ba za su canja sakamakon ba. Abin da suka fi yi shi ne ɗaga ALT, sai takardarki ta fi ta farko muni. Maigidanki da yara su yi gwaji, wanda bai kamu ba a yi masa allura uku: yau, bayan wata ɗaya, sannan a wata na shida.

Saura mako biyu in tashi. Wani ya ce zai kawo mini katin riga-kafin zazzaɓin shawara har gida Bauchi ba sai an yi mini allura ba.

Kada ka karɓa, ɗan'uwa. Katin na Najeriya yana da lambar da ake dubawa a na'ura. Ana cike bayanai a intanet, a biya ta Remita, sannan a je ofishin kula da lafiyar matafiya, wato Port Health, na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da fasfo a yi allurar. Katin yana fara aiki kwana 10 bayan allura, ke nan kana da lokaci in ka je cikin kwana uku ko huɗu. Tun watan Yulin 2016, bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, katin allura ɗaya yana aiki har ƙarshen rayuwa. Mutanen Bauchi kuwa sun san shawara ba labari ba ce, sun ga ɓarkewarta a Alkaleri da kewayen Yankari a 2019.

Mai ciki, wanda ƙwai ke tayar masa da borin jini mai tsanani, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni ƙwarai su faɗa wa likita kafin allura. Akwai takardar uzuri da ake ba su. Idan fom ya nemi allurar ƙyanda ma, a yi su rana ɗaya ko a raba su da mako 4.

Hajiya ce daga Kaltungo. Duk lokacin da aka auna ni a asibiti sai ya nuna 160/100, a gida kuma ba ya kai haka. Likita ya ƙi sa hannu.

Gaskiyarsa, Hajiya, ba zai rubuta lambar da bai gani ba. Kawo masa hujja. Ki samu na'urar awo ta dantse, ba ta tsintsiyar hannu ba, ki auna sau biyu da safe, sau biyu da dare, kwana 7, ki rubuta duka a littafi. Kafin kowane awo ki zauna minti 5, bayanki a jingine, ba goro ba shayi mai kauri na rabin awa. In dantsenki mai kauri ne a nemi babban maɗauri, ƙarami yana ƙara lamba. Idan matsakaicin na gida ya kai 135/85, hawan jini ne na gaske, a fara magani. Maganin hawan jini na Amlodipine yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ya zauna, haɗiye ƙwaya biyu daren awo ba abin da zai jawo sai jiri. Hawan jinin da aka shawo kansa ba ya hana tafiya. Ki tafi da maganin wata uku a kwalinsa na asali, da wasiƙar likita mai ɗauke da ainihin sunan maganin, ba sunan kamfani ba.

Na yi tarin fuka shekarun baya, na gama magani. Yanzu hoton ƙirji ya nuna tabo, kuma Ingila zan je na shekara ɗaya.

Tabon tsohon ciwo ba ya gogewa, kuma ba ya nufin kana yaɗa cuta. Sai dai ɗan Najeriyar da zai wuce wata 6 a Ingila dole ya yi gwajin a cibiyar da suka amince da ita, irin ta IOM, hukumar kula da ƙaura ta duniya, a Abuja ko Legas. Hoton da ka yi a wani asibiti ba zai shiga ba. Da sun ga tabo za su karɓi kaki na safiya uku, su shuka shi a ɗakin gwaji don ganin ko ƙwayar cutar za ta tsiro, sakamakon na iya kai mako 8. Takardar kuma wata 6 kawai take yi. Saboda haka ka je gwajin wata uku kafin ranar neman biza, ka tafi da katin shan maganinka na da. In ya ɓace, cibiyar da ta ba ka maganin tana da rajista, ka nemi su rubuta maka ranar farawa, ranar gamawa, da sakamakon kakin ƙarshe.